Fassara daga Hausa ko jera batutuwa tukuna: wanne ya fi a rubutun Turanci?

Ƙanwata 'yar unguwar Nima ta Akara da ke shekarar farko a Jami'ar Gana da ke Legon, kin ce in an ba ki aikin rubutu da Turanci sai ki rasa abin yi: ki rubuta da Hausa ki fassara, ko ki jera batutuwa a takarda ki shiga Turancin kai tsaye.

Ni dai na biyun zan zaɓa miki. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe abu na ɗan lokaci yayin da ake aiki da shi, wanda masana halayyar ɗan Adam Alan Baddeley da Graham Hitch suka fayyace a 1974. Ba ya ɗaukar kaya da yawa. George Miller ya ce wajen abu bakwai a 1956, Nelson Cowan ya rage zuwa huɗu a 2001. Kamar tiren mai talla ne, in ya cika sai kin sauke wani abu kafin ki ɗora wani. Ronald Kellogg kuwa ya nuna a 1996 cewa tsara tunani da ƙera jimla da duba kuskure duk a nan suke cunkusuwa.

To dubi mai fassara. Tana riƙe da jimlar Hausa, tana laluben kalmar Turanci, tana kokawa da "went" ko "has gone", ga "a" da "the" suna jira. Kafin ta kai aya, hujjar da ta ɗauko ta sulale. Ƙari kuma, yawancinmu 'yan zango a baki muka iya Hausa, makarantun gwamnatin Gana ba su koya mana rubuta ta ba, don haka rubuta ta ma wani nauyi ne. Ban hana ba, tunani ya fi zuwa da yawa cikin harshen gida. Amma a ɗakin jarrabawa aiki biyu ne a lokacin aiki ɗaya.

Mai jera batutuwa kuwa ta bar wa takarda riƙon hujjoji, kanta ya ji da jimla kaɗai. Layi huɗu ko biyar sun isa, da Hausa ko harshen Tuwi, ba mai dubawa. Sai dai in kalmominki na Turanci kaɗan ne, jerin ba zai fisshe ki ba, karatu ne kawai ke sa kalma ta zo ba lalube.

In kalma ta maƙale, sa ta Hausa, ja mata layi, ki wuce. Gyaran nahawu ki bar shi sai kin gama.