Sayajirao na Baroda ko Shahu na Kolhapur?

Ɗaliban tarihi sun sha tambayata wanne za su ɗauka don bincike cikin sarakunan Indiya biyun nan.

Wajen yawan aiki, Sayajirao Gaekwad ya fi. Ya yi mulki daga 1875 zuwa 1939, ya wajabta karatun firamare kyauta a 1906, ya kafa Bankin Baroda a 1908, ya baza ɗakunan karatu har ƙauyuka. Abin rubutu ba zai ƙare maka ba, sai dai ka rasa inda za ka tsaya.

Shahu kuwa, daga 1894 zuwa 1922, ƙasarsa ƙarama ce, amma ya taɓo inda ke da zafi. A 1902 ya ware rabin guraben aikin gwamnati ga azuzuwan da aka danne a tsarin caste, wato rabon mutane aji-aji bisa haihuwa. Har shagon mai shayi ɗan Dalit, wato ajin da ke can ƙasa, yakan je ya sha, a zamanin da ko taɓa irinsu ƙyama ce. Hatsarin a nan, siyasa ta dabaibaye sunansa, sai ka tace.

Dukansu sun tallafa wa Ambedkar, jagoran 'yan Dalit.

Mai son tsarin mulki da ilimi, Sayajirao zai fi masa. Mai bibiyar wariyar ajin haihuwa, ya nufi Kolhapur.