Laburaren Makarantar 'Ya'yana a Agege: Abin da Na Tarar a Ciki

Makarantar da nake magana a kanta firamare ce mai zaman kanta a Agege, ba nisa da Zango, kuma mafi yawan ɗalibanta 'ya'yan Hausawa ne haifaffun Legas. A farkon wannan zangon karatu aka saka mana kuɗin laburare a cikin kuɗin makaranta, shi ya sa na nemi izinin hedimasta na je na zauna a ɗakin kusan awa biyu, domin in ga da idona abin da muke biya wa kuɗin.

Ɗakin ba shi da girma, aji ne guda aka gyara, amma yana da tsabta da isasshen haske, kuma kantocin gajeru ne yadda ɗan aji 1 zai miƙa hannu ya ɗauko littafi ba tare da ya nemi taimako ba. Malamar da ke kula da wurin ita ce abin da ya fi burge ni. Ta manna wa kowane littafi 'yar takarda mai launi a gefensa, kore na ƙananan azuzuwa, ja na manya, saboda haka ko yaron da bai iya karatu sosai ba ya san inda nasa yake. Na ga ta tsayar da wani yaro da ya dawo da littafi, ta sa shi ya ba ta labarin da ya karanta kafin ta karɓa, kuma ta yi hakan cikin raha.

Littattafan darasi sun wadatu. Akwai na Turanci da lissafi da kimiyya waɗanda suka bi manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, bugun kamfanoni irin su University Press na Ibadan da Learn Africa da Evans, akwai kuma tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya da NECO ke shiryawa, waɗanda 'yan aji 6 suka yi ta juyawa har bangonsu ya rabu. Sashen addini ma ba laifi.

Inda raina ya sosu shi ne wajen littattafan Hausa. Kantar Yarbanci cike take, kuma ban ga aibin hakan ba, tunda dokar da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu a 2018 ta wajabta koyar da harshen a makarantun jihar, yaranmu kuma a cikin Yarbawa suke rayuwa. Amma da na ƙirga na Hausa, guda 7 na samu, duk tsofaffi, wasu ma shafukan ƙarshe sun zube, kuma malamar ta ce iyaye ne suka kawo su kyauta. Yaran nan suna jin Hausa a gida, suna wasa da ita a layi, amma idan ka miƙa wa ɗaya daga cikinsu rubutu sai ya tsaya yana kallon ƙ da ɗ da ɓ kamar baƙin haruffa. 'Yata da ke aji 4 tana karanta Turanci tiryan-tiryan, amma wasiƙar kakarta ni nake karanta mata. Ba wai littattafan ne babu ba, domin kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya (Northern Nigerian Publishing Company) yana buga su tun 1966, kuma motocin da ke sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 kullum ba za su kasa ɗauko kwali guda na littattafai daga Arewa ba.

Taswirar Nijeriya da ke rataye a bango ma ta tsufa, mai jihohi 30 ce, babu Zamfara da Gombe da Nasarawa waɗanda aka ƙirƙiro a 1996. Yaron da asalinsa Gusau ne zai tarar da garinsu a cikin jihar Sakkwato. Kwamfutoci uku ne, ɗaya ce ke aiki, babu intanet. Laimar damina kuma ta fara taɓa littattafan kantar ƙasa, ana jin warin hunhuna idan an buɗe su.

Aro zuwa gida sai 'yan aji 4 zuwa 6 ake ba, littafi ɗaya a mako. Na fahimci tsoron ɓata da yagewa, amma a ganina ƙananan ne suka fi bukatar littafi ya kwana a gida, domin a nan ne uwa ko yaya za su zauna su karanta tare da su.

Kuɗin da aka karɓa bai tafi a banza ba, kuma zan ci gaba da biya ba tare da ƙorafi ba. Sai dai na riga na shaida wa hedimasta cewa a taron iyaye da malamai mai zuwa zan nemi a ware wani kaso daga ciki don sayen littattafan Hausa da sabuwar taswira, kuma ya amince a saka maganar cikin abubuwan da za a tattauna.