Luger, P38 ko C96: Abin da Hatimi Yake Faɗa Kafin a Biya Kuɗi

Masu tara tsofaffin ƙananan bindigogin sojan Jamus, waɗanda kasuwarsu ta fi ci a Amurka da wasu ƙasashen Turai, ba ƙarfen kawai suke saye ba. Bindigogi biyu za su iya fitowa daga masana'anta ɗaya a shekara ɗaya, amma a wurin gwanjo ɗaya ta ninka 'yar'uwarta kuɗi, saboda hatiman da ke jikinta sun yi daidai da juna, ita kuwa ɗayar an taɓa sauya mata wani sashe ko an sake yi mata rini. Don haka wanda yake son shiga wannan fage ya kamata ya fara koyon karanta alamomi kafin ya fara tambayar farashi. Akwai kuma maganar doka tun da farko. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin makaman da aka haramta, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga wannan hukunci. Bayanin da ke tafe ya shafi mai saye a inda doka ta ba da dama, da ma'aikacin gidan tarihi, da mai nazarin kayan yaƙi.

Luger ce kowa ya fi sani, kuma ita ce ta fi yawan sarƙaƙiya. Georg Luger ne ya gyara ƙirar Hugo Borchardt har ta zama bindigar da sojan Suwizalan suka karɓa a 1900, sojan ruwan Jamus a 1904, sojan ƙasa kuma a 1908, inda ta sami sunan P08. Ana gane ta da gaɓar ƙarfen da ke samanta, wadda take lanƙwashewa sama duk lokacin da aka harba, kuma a kan wannan gaɓa ake buga sunan maƙera. Ta gama-gari bututunta milimita 100 ne, ta sojan ruwa 150, ta 'yan igwa kuwa, wadda ake kira LP08, milimita 200, kuma ita ce ake haɗawa da gidan harsashi mai zagaye da ke ɗaukar harsashi 32.

Masana'antu biyu ne suka ƙera ta a zamanin Sarkin Jamus. DWM, masana'antar wani kamfanin makamai da ke Berlin, tana buga haruffanta uku a murɗe cikin juna, aikinta kuwa sumul yake. Ma'aikatar makamai ta gwamnati da ke Erfurt tana buga kambi a kan sunan garin, daga 1911 zuwa 1918, kuma masu dubanta ba su bar ko ƙusar mariƙi ba hatimi ba. Aikin Erfurt bai kai na DWM laushi ba, shi ya sa wasu ke raina shi, amma a ganina yawan hatiman nan alheri ne ga sabon shiga, domin kowane ƙaramin sashe yana ɗauke da shaidarsa, kuma mai son yin haɗe-haɗe yana shan wahala kafin ya ɓoye aikinsa. Ba a san Erfurt mai ɗauke da shekarar 1915 ba, saboda haka wanda aka miƙa masa irinta sai ya mayar da kuɗinsa aljihu. Idan kuma aka ga 1920 an buga a saman wata tsohuwar shekara, kamar 1917, wannan ba shekarar ƙira ba ce. Alama ce ta mallakar gwamnati da aka sa wa makaman da suka rage a hannun hukuma bayan Yarjejeniyar Versailles, wadda ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa farkon shekarun 1930, kamfanin Simson na garin Suhl ne kaɗai aka yarje wa ya ƙera wa sojan Jamus wannan bindiga, kuma abin da ya fitar bai wuce kimanin 12,000 ba, da hatimin gaggafa a kan lamba 6. Iyalan Simson Yahudawa ne, kuma 'yan Nazi sun ƙwace musu masana'antar a 1935. Krieghoff, shi ma a Suhl, ya yi wa sojan sama aiki tun daga 1935, da tambarin anga da haruffan HK, yawansu kuma bai kai 15,000 ba. Waɗannan biyu suna da tsada ƙwarai, kuma tsadar ce ta jawo musu 'yan jabu. Ba da su ake fara tari ba.

Mauser ta garin Oberndorf ta gaji injunan DWM a 1930, kuma a nan ne haruffan sirri suka shigo, domin Jamus tana sake tara makamai a ɓoye. Maimakon sunan kamfani sai aka buga S/42, maimakon shekara kuma aka sa harafi: K na nufin 1934, G na nufin 1935. Daga 1936 aka koma rubuta shekara a fili. A 1939 alamar ta zama 42 kawai, a 1941 kuma ta koma byf, har aka daina ƙera wa soja Luger a 1942. Mai harafin K tana da wuyar samu, mai byf 41 ko byf 42 kuwa, wato ta 1941 ko 1942, tana da yawa. Akwai wani suna da dillalan Amurka suka laƙaba wa byf mai baƙin mariƙi na roba, wato baƙar gwauruwa, wanda ba sojan Jamus ne suka raɗa shi ba, kuma tun da mariƙi abu ne da ake kwancewa da ƙusa ɗaya a kowane gefe, bai kamata mutum ya ƙara kuɗi mai yawa a kansa ba sai ya tabbatar na asali ne.

Launi ma shaida ne. Har zuwa tsakiyar 1937, ƙananan sassa irin su kunama da makullin kariya da maɓallin sakin gidan harsashi ana gasa su ne har su yi ruwan zinariya mai haske, sauran jiki kuma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Bayan nan Mauser ta koma tsoma komai cikin rini ɗaya. To, idan aka ga DWM ta 1916 da baƙar kunama, ko byf 42 da kunama mai ruwan zinariya, wani ya taɓa ta bayan ta bar masana'anta.

Sai lamba. Sojan Jamus suna ƙirga bindigogi ne rukuni-rukuni na dubu goma, kowane rukuni, in ban da na farko, da ƙaramin harafinsa a ƙarƙashin lambar, kuma lamba ɗaya tana iya maimaituwa a wata shekara ko a wata masana'anta. Saboda haka lamba ita kaɗai ba ta bambanta bindiga, sai an haɗa ta da harafi da shekara da alamar maƙera. A jikin Luger ana buga cikakkiyar lambar a gangar jiki da bututu, sa'annan a maimaita alƙaluma biyu na ƙarshe a kan ƙananan sassa, har da cikin mariƙin katako a galibin lokuta. Wannan yana da dalili, domin da hannu ake daidaita sassan Luger, na wata ba lalle ne ya zauna a jikin wata ba. Gidan harsashi shi ne ya fi ɓacewa, don haka samun wanda lambarsa ta dace yana ƙara daraja sosai, na biyun da ake ba soja a matsayin ƙari kuwa yakan zo da alamar +. Gindinsa na katako ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na alminiyam a shekarun 1930, na baƙar roba a ƙarshe.

Walther P38, wadda aka karɓa a 1938 don ta maye gurbin Luger saboda ta fi sauƙin ƙira da araha, ita ce nake ba mai farawa shawara ya duba. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, masana'antu uku ne kawai suka yi ta, kuma kowacce tana da lambar mai dubanta daga ofishin makamai na soja, wato Waffenamt, wadda ake bugawa a ƙarƙashin ƙaramar gaggafa. Wanda ya haddace waɗannan ukun ya tsallake rabin tarkon kasuwa. Walther ta Zella-Mehlis alamarta ac, lambar mai dubanta 359. Mauser alamarta byf, daga baya svw a 1945, lambarta 135. Spreewerk, wadda masana'antarta take Grottau a ƙasar Cek ta yanzu, alamarta cyq, lambarta 88, kuma ba ta buga shekara. Idan marfin sama ya ce ac 41 amma gangar jiki tana ɗauke da gaggafa mai 135, bindigogi biyu ne aka mayar ɗaya.

A cikin na Walther, mafi daraja su ne na farko-farko: waɗanda lambarsu ta fara da sifiri kuma suke ɗauke da tambarin kamfanin a fili, sai masu alamar 480 na 1940, waɗanda ba su wuce kimanin 7,000 ba. Har zuwa ac 41 ana goge ƙarfen ya yi sheƙi, daga nan kuwa gaggawar yaƙi ta sa aikin ya riƙa raguwa. Na Spreewerk sawun injin yana bayyane a jikinsu, layi-layi, kuma wannan kaushi shi ne shaidar gaskiyarsu. Cyq mai santsi da ƙyalli an goge ta ne daga baya. Wasu na Mauser na ƙarshen yaƙi suna zuwa da launi biyu, toka-toka da baƙi, kuma haka suka fito. Akwai ac 45 da lambobinsu ba su dace ba saboda an harhaɗa su ne daga sassan da aka tarar a masana'anta lokacin da sojan Amurka suka shiga garin a watan Afrilun 1945, akwai kuma svw masu tauraro da aka ci gaba da ƙerawa a ƙarƙashin Faransawa bayan an daina yaƙi. Kada a rikita duk waɗannan da P1 ta bayan yaƙi, wadda aka yi a Ulm da gangar alminiyam; bindiga ce mai kyau, amma ba ta zamanin da ake magana ba ce. Ya dace kuma mai riƙe da P38 ta tsakiyar yaƙi ya san hannun da ya ƙera ta, domin Mauser da Spreewerk sun yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki, Walther kuwa ta kafa sashen ƙira a sansanin gwale-gwale na Neuengamme.

Mauser C96, mai gidan harsashi a gaban kunama da kuben katako da ake maƙalawa ya zama abin jinginawa a kafaɗa, an ƙera ta daga 1896 zuwa 1937. Wadda masu tara kayan soja suke nema ita ce ta kwangilar 1916, da aka yi odar 150,000 masu cin harsashin milimita 9, aka ƙona babbar lamba 9 a mariƙinsu aka shafa mata jan fenti don kada soja ya ɗura mata harsashin milimita 7.63. Matsalarta ita ce an kwaikwayi ƙirar a Sifen da Sin, kuma da yawa daga cikin na asali sun dawo kasuwa daga Sin a gajiye, aka sake musu bututu da mariƙi. Ƙona lamba a katako ba ya wuyar kowa, saboda haka sai an ga hatimin karɓa na soja, mai kambi a kan harafi, kafin a yarda. Ƙananan irin su PP da PPK na Walther, da HSc ta Mauser, da 38H ta Sauer, an sayar da su ga soja da 'yan sanda da farar hula, kuma hatimi ne kaɗai yake raba su: gaggafa a kan N gwajin kasuwanci ne daga 1940, gaggafa da harafi kamar C ko F ko L ta 'yan sanda ce, gaggafa mai lamba kuwa ta soja.

Rukunin da ya fi rikita sabon mai saye shi ne na bindigogin da aka kama aka gyara. Sojan Sobiyet sun tara dubbai, suka wargaza su, suka tsoma su cikin baƙin rini, suka mayar da sassa ba tare da kula da wace ce ta wace ba, sa'annan suka rubuta sabuwar lamba da alƙalamin lantarki, galibi kuma da alamar X a jiki. 'Yan sandan Jamus ta Gabas ma sun sabunta nasu da mariƙin roba. Babu laifi a sayen irin waɗannan muddin an faɗi gaskiyarsu kuma farashin ya nuna haka, domin su ma tarihi ne. Laifin yana wurin wanda ya kankare X ya sayar da ita a matsayin wadda ba a taɓa ba. Takardar izinin da rundunar Amurka take ba sojanta don ya koma gida da ganima tana ƙara daraja, amma sai lambar da ke cikinta ta zama ta wannan bindiga; labarin cewa an karɓe ta daga hannun wani babban hafsa, in babu takarda, ba a biyan kuɗinsa. Haka nan alamun SS, wato rundunar musamman ta 'yan Nazi, da na ƙoƙon kai, waɗanda suka fi kowane hatimi shan jabu.

Lokacin dubawa, a nemi haske mai kyau da gilashin ƙara girma. Hatimin asali gefensa kaifi ne, rinin da aka sake kuwa yakan bar haruffa sun dushe, kusurwoyi sun yi laushi, wani lokaci a ga ramukan tsatsa a kwance a ƙarƙashin baƙin. Inda kube ya saba gogawa, wato bakin bututu da gefuna masu tudu, ya kamata a ga ƙarfe ya ɗan yi fari, kuma gajiyar mariƙi ta yi daidai da ta jiki. A gwada siffar alƙaluman da na wata bindiga da aka tabbatar ta masana'anta ɗaya da shekara ɗaya, domin kowace masana'anta da irin rubutunta. A kuma nemi mai sayarwa ya yarda a rubuce cewa za a iya mayar masa cikin 'yan kwanaki idan masani ya duba ya ga aibu. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi a bar masa kayansa.

Wanda kuɗinsa ke da iyaka ya nemi P38 mai ac 43 ko byf 44 da lambobinta suka dace kuma rininta na asali ne, ko da ya ɗan koɗe. Wanda Luger ce a ransa ya fara da DWM ta 1916 ko 1917, ko Mauser mai S/42 ta ƙarshen shekarun 1930, domin suna da yawa kuma akwai na gwadawa da su. Krieghoff da Simson da mai harafin K da mai alamar 480 su jira har sai idonsa ya saba da na gama-gari, kuma ko a lokacin ya saye su ne daga gidan gwanjon da ke ba da tabbacin asali a rubuce.