Wace manhaja ta dace da lissafin dal mai ɗaukar girgiza?

Benaye na ta tashi a Damagaram, kuma yanzu ba mutane da kaya kaɗai ake ɗora wa dal, wato shimfiɗar kankaren bene, ba. Wannan zai aza janareto a saman shago, wancan injin niƙa, wani kuma zauren biki inda jama'a ke tsalle lokaci guda. Janareto mai juyi 1500 a minti yana dukan dal sau 25 a daƙiƙa, mai tafiya kuwa kamar sau 2. In dukan ya zo daidai da karkarwar da dal ke yi a karan kansa, girgizar sai ta yi ta hauhawa, ko da lissafin nauyi ya nuna komai lafiya. Shi ya sa injiniya ke buƙatar manhajar da ke yanyanka dal ƙanana ƙanana a kwamfuta, ta auna motsin kowane yanki.

Wadda aka fi sani a ofisoshinmu ita ce Robot ta kamfanin Autodesk, don tana aiki da BAEL 91 da Eurocode 2, ƙa'idojin lissafin ginin kankare da aka koya mana. Tana fitar da saurin karkarwar dal, ta kuma ba ka yawan ƙarfen da za ka sa. Manhajar SAP2000 ma tana yin wannan lissafi. Kuɗinsu da nauyi, amma ga aikin janareto da zauren taro sun wadatar.

Abaqus da LS-DYNA wani mataki ne daban. Su ne ke nuna yadda kankare ke tsagewa da farfashewa in wani abu mai nauyi ya faɗo masa, ko mota ta doke shi, ko wani abu ya fashe kusa da shi. LS-DYNA ta samo asali ne daga aikin John Hallquist a Amurka a 1976. Suna lissafi a ɗan mitsitsin lokaci, kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don haka kwamfuta kan kwana tana aiki; ka tuna da ɗaukewar wuta a watan Afrilu. Ban ga dalilin ƙaramin ofishi ya saye su ba. Ɗalibin Jami'ar André Salifou kuwa zai iya koyo da Abaqus ta ɗalibai, kyauta ce, sai dai ba ta wuce ɗigo 1000, wato mahaɗan yankunan da take yanyanka dal.

Ni dai zuciyata na wajen Code_Aster, ta kamfanin wutar Faransa EDF, wadda ake bayarwa kyauta tun 2001. Bayananta da Faransanci suke, tana kuma iya lissafin tsagewa. Koyonta ne sai an dage wata da watanni.

Kada ka sayi kwafin sata a kasuwa, ran dubban mutane ne a ƙarƙashin lissafinka.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙaluman da ake ba manhajar. Ka rubuta mata ƙarfin kankare 25 a ma'aunin MPa, alhali an kwaɓa shi da hannu, da yashi mai ƙasa, ba a shayar da shi ruwa ba cikin zafin nan namu. Ko ka zana dal ɗin 16+4, wato bulo mai rami na santimita 16 da kankare na santimita 4 a samansa, kamar curarre, bayan shi ta gefe ɗaya yake kai nauyi. Kafin ka biya kuɗin lasisi, ware na gwaji tukuna: a zuba samfuri a wurin aiki, a matse shi a kwana 28, abin da ya fito shi za ka shigar.