Gargaɗi: mai sayar da "hannun jari" a dokin sukuwa ya cinye min naira 1,850,000 a Jos

Naira 1,850,000. Na rubuta da lamba don kada wani ya ce kunnensa ne bai ji daidai ba. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin, a hannun mutum ɗaya, a nan cikin garin Jos. Mutumin da ya sha ruwa a kan tabarmata da azumi, ya ci ƙosan gidana, ya shafa kan yarana. Yau kwana goma sha ɗaya wayarsa a kashe. Sau uku ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. To kunyar ta ƙare, a yi min dariyar, na yarda.

Amma kafin masu cewa "ai kwaɗayi ne" su buɗe baki, ku tsaya ku ji. Ni ba yaro ba ne. Shekarata 19 ina harkar dankalin Turawa a Farin Gada, ina sarowa daga Bokkos da Mangu ina lodi zuwa Kano da Legas. Wanda zai jera manyan dankali a bakin buhu ya cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a gindi, daga ɗinkin bakin buhun nake gane shi. Lokacin MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a dawo maka da riba mai yawa, a 2016 har gida aka biyo ni, ko sisi ban sa ba. Da CBEX, ita ma irinta, ta kife da jama'a a 2025 ni ne nake yi wa yaran rumfata faɗa tun kafin ta kife. Shagon cacar ƙwallo kuwa ban taɓa taka ƙafata ba. To ta ina aka same ni? Ta doki aka same ni.

Kakana daga ƙasar Katsina ya zo Jos zamanin haƙar kuza, kuma da dokinsa ya mutu. Har yau sirdinsa da likkafunsa suna rataye a ɗakin mahaifina, ba mai taɓawa. Ni ban taɓa mallakar doki ba, amma duk lokacin da aka buɗe gasar folo a filin Jos sai na rufe rumfa da wuri na je kallo. A can na haɗu da shi, cikin 'yan kallo, a tsaye kusa da ni, ana hunturun nan mai shiga ƙashi. Ba ruwan masu filin da wannan magana, shi ma ɗan kallo ne kamar kowa. Na yaba wani kili da ya wuce, sai ya juyo ya ce, "Babban yaya, ashe ka san doki." Shi ke nan fa. Kalma shida. Ya fara yi min bayanin bambancin dawakin Ajantina da ake folo da su da 'yan Sudan da ake sukuwa da su, da 'yan talon, da namu na Arewa. Ya san akawal, ya san bidi, ya san danda da gunya. Wallahi ya san doki, wannan ba zan tauye masa ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar barga. Ya ɗauke ni a motarsa zuwa wata barga a bayan gari ta hanyar Bukuru, bayan la'asar, mun ma yi sallar tare, shi ya ja mu. Muna shiga wani akawal dogo mai farin goshi ya ɗago kai ya yi haniniya. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ɗebo 'yar kanwa, dokin ya lashe a tafin hannunsa, ya goga masa kai a kafaɗa. Yaron barga ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Sai ya kama hannuna ya ɗora a wuyan dokin ya ce, "Taɓa shi, babban yaya. In Allah ya yarda ƙafa ɗaya taka ce." Na ji ɗumin wuyan, na ji jijiyar tana motsi a ƙarƙashin tafina. Ku gaya min, waye a cikinku zai ce wannan mutumin ba shi ne mai dokin ba? Dokin da kansa ya gaishe shi. Dabba ba ta san ƙarya ba, abin da na faɗa wa kaina ke nan.

Ashe ba a ranar na fara ba shi kuɗi ba ma, na tsallake. Kafin barga akwai maganar lambobi. Ko bayan barga ne, na manta, zan duba kwanan watan a waya. Ya sa ni a wani zaure na WhatsApp mai mutum sama da sittin, shi kaɗai ke iya rubutu a ciki. Ya ce yana da mutum a Ingila da ke aiki a bargar masu horar da dawaki, yana sanin dokin da aka shirya wa tsere tun kafin a fito. Lambar doki kuma ba a zaure ake bayarwa ba, kowa ta bayan fage ake tura masa, da sharaɗin kada ka nuna wa kowa, wai in labari ya bazu farashi zai karye. Na ba shi 50,000 don gwaji, na ce in ta tafi ta tafi. Ya turo min lamba 7. Da daddare ya turo min bidiyon tseren, ga lamba 7 ya shigo na ɗaya. Kafin in kwanta wayata ta yi ƙara, 140,000 ta shigo.

Na san abin da za ku ce, caca ce. Ni ma na faɗa masa haka tun ranar farko. Sai ya kawo min hadisin da ke cewa ba a sa kyautar gasa sai a harbi da tseren raƙumi da na doki, kuma hadisin gaskiya ne, yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Ya ce ka ga ke nan doki daban yake da ƙwallo. Da Fabrairu ta zo kuma ya ce ga Kofin Saudiyya a Riyad, wanda aka fara a 2020, kyautarsa dala miliyan 20, babu tseren da ya kai shi kuɗi a duniya. "Ƙasar Harami biyu fa, babban yaya. Da haramun ne za su yi?" Na ba shi 200,000 a kan ɗaya daga tseren ranar. Ta dawo 480,000. Sai yanzu da ruwa ya ƙare wa ɗan kada na je wurin malamin unguwarmu, ya ce min hadisin yana magana ne a kan kyautar da ake ba mahayan da suka yi tseren, ba ɗan kallo da ya zauna a gefe ya aza kuɗi a kan dokin wani ba, wannan sunansa caca kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana a kanta. Kuma a filin na Riyad ba a karɓar kuɗin caca, kamfanonin ƙasashen waje ne ke yin abinsu daga nesa. Malam bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, da ka zo tun kafin." Gara ma da ya zage ni.

To sau biyu ya faɗa, sau biyu ta tabbata, sau biyu kuɗi ya shigo hannuna. Ba labari aka ba ni ba, a wayata na gani. Mai hankali ma a nan zai saki jiki, kada wanda ya raina min wayo.

Cikin azumi ya zo gidana shan ruwa da maganar akawal ɗin. Ya ce an raba dokin kashi huɗu, kowane kashi 1,200,000, saura ɗaya, ya hana wani ɗan kasuwa a Abuja saboda ni. Za a kai shi Kano sukuwa bayan Sallah, duk kyautar da ya ciyo a raba huɗu, in an sayar da shi ma a raba huɗu. Wannan kuma ba caca ba ce, mallaka ce. Ya nuna min takardar rajistar kamfani a waya, ya kawo yarjejeniya mai shafi biyu da hatimi ja, har da lissafin dusa da harawa da gero da kuɗin likitan dabbobi na wata-wata. Na sa hannu. Na tura 1,200,000. Sunan da ya fito a asusun na mace ne, na tambaya, ya ce sakatariyar kamfani ce. A nan ya kamata in tsaya. Ni da ba na ba direba kuɗin mota sai na ga lasisinsa. Amma hannuna yana kan wuyan dokin nan, kun gane? Ko a lokacin da nake danna lambobin sirri, ɗumin wuyan nake ji.

Sai 650,000 ta ƙarshe, wai ta Kofin Duniya na Dubai da ake yi a filin Maidan, ya ce wannan ita ce babbar, mutuminsa ya rantse masa. A cikin 650,000 ɗin nan, 400,000 kuɗin adashin matata ne da ta ba ni ajiya za ta sayi keken ɗinki da injin markaɗe. Sauran kuma kuɗin manoma biyu ne na Bokkos da suka ba ni dankalin rani bashi. 1,200,000 da 650,000, ku haɗa da kanku, 1,850,000. Ƙanena ya ce in cire ribar 370,000 da na ci a baya, wai asarar ba ta kai haka ba. Ban cire ba kuma ba zan cire ba. Ita ma ai a cikin kuɗin dokin na mayar masa. Tsaba ce ya watsa min.

Tun kafin ranar tseren ya yi layar zana. Na wayi gari an goge zauren, hotonsa ya ɓace, waya a kashe. Na hau keke na tafi bargar da kaina, gabana yana faɗuwa. Akawal yana nan a turkensa yana cin harawa. Yaron barga ya gan ni ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce ina Alhaji mai dokin. Ya ce mai dokin yana Kaduna, rabonsa da nan tun kafin azumi. Na kwatanta masa mutumin. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Wallahi Baba, wannan baƙo ne. Yakan zo ya ba ni dubu biyu ya ce zai nuna wa abokansa doki. Kullum da kanwa a aljihunsa." Na ce mutum nawa ya kawo? Ya ce bai ƙirga ba, amma sun fi goma. Doki mai ƙafa huɗu, an sayar wa mutum sama da goma ƙafa ɗai-ɗai. Dubu biyu da kanwar naira ɗari. Da wannan jarin aka ci ni 1,850,000.

A ofishin 'yan sanda na gamu da wani mai sayar da katako a Katako, shi ma ya zo kai ƙara. Muka buɗe wayoyi muka jera. Tseren farkon nan na Ingila, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ni an turo min lamba 7, shi lamba 4. A nan kaina ya yi dum. Babu wani mutum a Ingila. Raba mu yake yi: in dawaki takwas ne a tsere, ya kasa mu gida takwas, kowane gida ya ba su doki ɗaya, dole wani gida ya ci. Waɗanda suka faɗi ya ce musu Allah bai nufa ba, a tari gaba. Waɗanda suka ci ya biya su da kuɗin waɗanda suka faɗi, ya sake kasa su a tsere na gaba. Wanda ya ci sau biyu a jere, shi ne ragon da aka turke. Ko sisi ba ya kai wa wani kamfanin caca, tsakaninmu kuɗin ke juyawa. Shi ya sa ya hana mu magana a zaure, shi ya sa ya ce kada a nuna lamba. Ma'ana 140,000 da 480,000 da na yi ta murna a kansu, har da kuɗin mai katakon nan a ciki. Na kasa kallon idonsa.

Banki sun ce an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Hotunan hirarmu suna nan, da rasit huɗu, da yarjejeniyar mai jan hatimi, da muryarsa yana rantsuwa da Allah sau uku a cikin minti ɗaya. Zan saka su duka, har da hotonsa a tabarmata riƙe da kofin kunu. An ce in dakata da suna da hoto har a gama bincike, shi ya sa kawai. Amma zan saka.

Duk wanda ya ce muku yana da lambar dokin da zai ci, ƙarya yake. Wanda zai sayar muku da kashi a doki, ku nemi mai bargar ido da ido. Sunan asusu in ya bambanta, kada ku tura.

Matata ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi. Shekaranjiya tana zuba min abinci ta ce, "Maigida, shi dokin namu, ko sau ɗaya ba za ka kai yara su gan shi ba?" Ban sani ba ko da gaske take ko magana ta gasa min, ban kuma tambaya ba. Ranar Asabar manoman Bokkos za su zo karɓar 250,000 ɗinsu, mutanen da shekara takwas ban taɓa saɓa musu rana ba. Ya kama hannuna fa. Da hannunsa ya kama nawa ya ɗora a wuyan dokin mutane ya ce ƙafa ɗaya tawa ce. Allah ya isa tsakanina da shi, 1,850,000, ban yafe ko kwabo ba.