Kante ko Pogba: Wa Ya Dace Matashi Ya Kwaikwaya?

Matasa masu buga tsakiya a wasan ƙwallon ƙafa sun sha tambaya: Kante ko Pogba? Tare suka ɗauki Kofin Duniya da Faransa a 2018, amma aikinsu daban.

Kante gwanin ƙwace ƙwallo ne: yana karanta inda za a tura ta, ya tare, ya miƙa gajeren fas. Da haka ya ci Firimiya da Leicester a 2016, da Chelsea a 2017. Salon na cin numfashi sosai.

Pogba kuwa gwanin dogon fas ne da kāre ƙwallo da jiki. Haɗarinsa, in ya daɗe da ita aka ƙwace, baya a buɗe take.

Mai juriyar gudu, ko gajere ne, Kante ya dace da shi. Dogo mai hangen fili, Pogba.