Hilux da tirelar taki: maƙalin shasi, mai sanduna, ko na cikin bodi?

Alhaji, kamar yadda ka bayyana, kana da Hilux mai ƙofa huɗu, injin dizal, ka kuma sayi tirela mai tayoyi huɗu da kake son kai taki gona da ita, buhu arba'in a sahu ɗaya, wani lokaci kuma tankin ruwa mai lita 2,000. Ƙwallon da kake ja da shi yanzu, wato dunƙulen ƙarfen da bakin tirela ke zama a kansa, mai walda ne ya liƙa maka shi a jikin bamba. Wani ya ce ka sayi maƙalin da ake ɗaurewa a shasi, wani ya ce sai mai sandunan rarraba nauyi, na uku kuma ya ce ka huda bodi ka kafa ƙwallo a tsakiya irin na Amurkawa. Kana son sanin wanne ya fi.

Kafin a shiga kwatance, don Allah ka ajiye wancan na jikin bamba tun daga yau. Bamba ba don jan tan uku aka yi shi ba, ƙarfensa siriri ne, kuma waldar da aka yi masa ba wanda ya gwada ta ya ce ga nauyin da za ta iya. Tsagewa takan fara ne daga gefen waldar, ƙarƙashin fenti, inda ido ba ya gani, ta yi ta ci a hankali har ranar da ka faɗa rami da lodi.

Sai lissafi, domin shi ne zai yanke hukunci. Buhun taki kilo 50 ne, arba'in sun zama kilo 2,000. Ruwa ma lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin da takin nauyinsu ɗaya. Ka ce tirelar ba kaya tana kai wa kilo 700. Jimilla 2,700 ke nan. Ƙa'idar da masu jan tirela ke bi ita ce kusan kashi 10 cikin ɗari na wannan nauyi ya sauka a kan ƙwallo, wato wajen kilo 270. Idan ya gaza haka sosai, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil a bayanka da zarar gudu ya ƙaru. Idan ya wuce, bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux ya ɗan haura mita uku, ƙwallon kuma yana bayan tayoyin baya da fiye da mita ɗaya. Saboda wannan tazara, kilo 270 a kan ƙwallo yakan zama kusan kilo 380 a kan tayoyin baya, ya kuma sauke wa tayoyin gaba sama da kilo 100. Tayoyin gaban nan su ne sitiyarinka, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Duk bambancin da ke tsakanin maƙalan nan uku yana komawa ne ga yadda kowanne ke yi da wannan nauyi.

Maƙalin shasi ƙarfe ne mai kauri da ke ratsawa daga wannan hannun shasi zuwa wancan, a ɗaure shi da notuna a ramukan da kamfani ya riga ya huda. Ba ya rage wa bayan mota komai, yana dai kai nauyin ne wurin da aka gina don ɗaukarsa. Na kirki yana zuwa da ɗan allo a jikinsa mai lambobi biyu: nauyin da zai iya ja, da nauyin da zai iya ɗauka a kan ƙwallo. A nan mutane ke ruɗuwa, sai su karanta ta farko su bar ta biyu. Waɗanda aka yi wa kasuwar Ostireliya sukan ba da kilo 3,500 na ja da 350 na kan ƙwallo. Na Turai kuwa, ko da an rubuta 3,500 ɗin, na kan ƙwallo yakan tsaya tsakanin kilo 100 da 150, domin tirelolinsu an tsara su ne da ƙaramin nauyi a baki. Ka ga idan ka sayi irin na Turai ka ɗora masa 270, ka wuce iyakarsa nesa ba kusa ba, alhali kana ganin kana cikin ƙa'ida. Na Amurka kuma aji-aji ne, da fam ake rubuta su: aji na uku a ma'aunin injiniyoyinsu fam 5,000 ne, kimanin kilo 2,270, aji na huɗu fam 10,000, kimanin kilo 4,500. Kada ka ga 5,000 ka ɗauka kilo ne. Ga lodinka, fam 5,000 bai isa ba.

Mai sanduna kuwa ba wani maƙali ne daban ba, ƙari ne a kan na shasi. Sanduna biyu ne na ƙarfen sifirin da ke fitowa daga ƙasan ƙwallo su miƙa zuwa wuyan tirela, a ɗame su da sarƙa. Da an ɗame, sai su ɗaga mahaɗar, su mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaban mota, wani kuma zuwa tayoyin tirela. A kan kwalta mai kyau aikinsa a fili yake: mota ta daidaita, fitila ta daina haska sama, sitiyari ya dawo da nauyinsa a hannu. Inda na shasi zalla ya bar maka gaba sakayau, wannan yana gyarawa.

Amma ka dubi hanyar da za ka bi. Sandunan nan suna sa mota da tirela su zama kamar gungume ɗaya, ba sa son lanƙwasa sama da ƙasa. Ka sauka daga kwalta ka shiga hanyar gona, ka zo kwararo ko gadar kwalbati inda mota ke hawa tirela na gangarowa, duk ƙarfin nan a kan maƙali da shasi da wuyan tirela zai ƙare. Shi ya sa masu ƙera shi suke cewa a sassauta sandunan kafin a shiga hanya mai gargada. Ma'ana, a daidai wurin da aikinka ya fi yawa, ba ya tare da kai. Ƙari a kan haka, ba kowane maƙalin shasi aka yarda a ɗaura wa sanduna ba, sai allonsa ko littafin motar ya faɗa. Kuma idan birkin tirelarka irin wanda ke kamawa ne idan ta turo mota daga baya, sanduna masu sarƙa na iya hana bakin tirelar zamewa, birkin ya ƙi kamawa yadda ya kamata. A ganina, wanda tafiyarsa Kano zuwa Kaduna ce a kan kwalta zai ci moriyarsa. Kai da rabin hanyarka burji ce, ribarka a ciki kaɗan ce.

Abu guda da nake so ya zauna maka: sanduna ba sa ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan abin da kamfani ya ce ta ja. Ana yawan sayar da su da wannan zance, kuma ba gaskiya ba ne.

Na cikin bodi shi ne ya fi duka kyau a ilimance, kuma shi ne ya fi nisa da buƙatarka. Ƙwallo ne babba, inci 2 da 5/16, da ake kafawa a tsakiyar bodi daidai saman tayoyin baya ko ɗan gaba da su kaɗan, a kan ƙarafan da ke riƙe da shasi ta ƙasa. Tirelar tana da dogon wuya da ke ƙetare ƙofar baya ya sauko a kansa, kusan yadda kan babbar mota ke ɗaukar bodinta. Tunda nauyin yana sauka a kan tayoyin baya kai tsaye, ba ya ɗaga gaba, kuma tirela ba ta da wata tazara da za ta riƙa kaɗa bayan mota da ita. Shi ya sa makiyayan Amurka ke jan shanu da dawakai da shi. To amma da wace mota? Da irin su Ford F-250 da F-350 da Ram 2500 da 3500, waɗanda bodinsu dogo ne kuma aka gina bayansu don ɗaukar tan-tan. Irin wannan tirela takan sauke kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a bodi. A kilo 2,700, wajen kilo 600 ke nan, a motar da duk abin da aka yarda ta ɗauka, har da direba da fasinjoji, yake kusa da tan ɗaya. Bodin mai ƙofa huɗu kuma gajere ne, tayoyin baya suna dab da gidan fasinja, don haka a kwana mai tsanani wuyan tirela na iya fasa gilashin baya. Sannan tirelar da ka saya ba mai dogon wuya ba ce, sai an sāke ƙera gabanta gaba ɗaya. Ka bar wannan shawara.

Akwai na huɗu da ba a ambata maka ba, wanda ya cancanci ka duba: ƙugiya da zobe, irin wanda ake gani a bayan motocin sojoji da tirelolin janareto da kwamfuresa. Shi ma a kan maƙalin shasi ake ɗaura shi. Zobe mai kauri ne a bakin tirela ke faɗawa cikin ƙugiya, a rufe da muƙamuƙi a sa fil. Yana da wasa ta kowane ɓangare, don haka gargada da kwararo ba sa takura shi kamar yadda suke takura ƙwallo. Aibinsa ƙara da fizga: duk tashi da duk birki za ka ji ƙau a bayanka. Idan yawancin tafiyarka ta gona ce a hankali, ni shi zan zaɓa a kan ƙwallo. Idan kwalta ta fi yawa, ƙwallo ya fi natsuwa.

In ƙwallon ka zaɓa, ga wani tarko da ya shafe mu musamman, tunda kayanmu daga ko'ina suke shigowa. Ƙwallon Turai da Ostireliya milimita 50 ne. Na Amurka mai inci 2 milimita 50.8 ne, akwai kuma ƙaraminsa mai inci 1 da 7/8. A ido duk ɗaya suke. Bakin tirela mai inci 2 zai zauna a kan ƙaramin ƙwallo, har ya kulle, amma da sako-sako, kuma rami ɗaya na iya fitar da shi. Girman yana rubuce a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar. A goge tsatsa a karanta, su zo ɗaya.

Yanzu motar kanta. Kilo 3,500 da ake yawan faɗa wa Hilux na wasu sababbin masu injin dizal ne, irin su 2.8, kuma da sharaɗin tirela tana da birkinta. Masu injin fetur 2.7 da suka cika hanyoyinmu ba su kai haka ba. Tirelar da ba birki kuwa, iyakarta kilo 750 ce, komai ƙarfin maƙalin. Ka lura, tirelarka ba kaya ma ta kusa cinye wannan adadi. Akwai kuma jimillar nauyin mota da tirela a haɗe. A wasu Hilux 2.8 da aka sayar a Ostireliya a shekarun baya kilo 5,850 ne. Cire 2,700 na tirela, saura 3,150, motar kanta kuma ta haura tan biyu. Kana da sarari, amma ba irin wanda za ka cika bodi da wasu buhuna ashirin ka ɗora leburori a kai ba. Ka duba allon da ke jikin ƙofar direba ko cikin gidan injin, da littafin motar, lambobin taka motar su ne hujja. Tsakanin mota, maƙali, ƙwallo da bakin tirela, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne iyakarka.

Shi ya sa kuɗin da za ka kashe wa sanduna, na fi son ka kashe su a birkin tirela. Mota mai tan biyu da ɗoriya ba za ta tsayar da kanta ta kuma tsayar da tan uku da ke turo ta ba, balle a gangara irin ta Hawan Kibo. Birki iri biyu ne. Mai kamawa da turi ba ya buƙatar waya, kuma gyaransa bai fi ƙarfin bakanike ba. Na lantarki yana buƙatar ɗan akwati kusa da sitiyari da soket mai baki bakwai, amma yana ba ka abin da ɗayan ba ya bayarwa: idan tirela ta fara kaɗawa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka danna birkin tirelar kaɗai da hannu, sai ta ja baya ta miƙe. Taka birkin mota da ƙarfi a wannan hali shi ke sa tirela ta naɗe ta zo gefen ƙofa.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan bakaniken. Notunan su kasance masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, kamar yadda takardar maƙalin ta ce, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, a sake duba su bayan tafiyar farko da lodi. Kada a yi walda a jikin shasi, kada a faɗaɗa rami da wuta, zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen a wurin. Sarƙoƙi biyu su gitta juna a ƙarƙashin wuyan tirela, su kama jikin maƙalin ba bamba ba, ta yadda ko ta zame za ta faɗa a kansu ba ta soki ƙasa ba. A tsaya a fili mai lebur da lodi a duba: tirela mai tayoyi huɗu dole ta kwanta daidai, in ba haka ba tayoyi biyu ne za su ɗauki aikin huɗu su yi zafi su fashe. Idan ta karkata, a canza wuyan ƙwallon zuwa mai sauka ko mai hawa.

Buhunan kuma, kusan ashirin da huɗu su zauna daga tsakiyar tayoyi zuwa gaba, sha shida a baya, a ɗaure su kada su zame. Tankin ruwa ka tafi da shi a cike ko wayam. Rabin tanki, tan guda ne na ruwa da ke gudu gaba duk lokacin da ka taka birki, ya koma gefe a kowace kwana, kuma babu maƙalin da ke maganin wannan sai a sa masa shinge a ciki.